Kawu da Koren Gurbi

Wata mata 'yar garinmu ce ta fara kawo mini maganar, a kasuwar Edmonton da ke Landan, ina tsaye gaban mai attaruhu ina zaɓe. Ta yi mini gaisuwar da ta fi ƙarfin zumuncinmu, ta tambayi karatu, ta tambayi mutanen gida, sannan ta matso ta rage murya. Wai ita ba ta son shiga abin da babu ruwanta, amma sau biyu ke nan tana ganin kawuna yana shiga gidan cacar da ke cikin babban kantin nan na gabashin gari. Da hularsa, in ji ta, da carbinsa a hannu. Na ce mata na gode, Allah ya bar zumunci. A raina kuwa na ce, ke me ya kai ki ƙofar gidan caca har sau biyu? Na biya mai attaruhu na tafi na bar masa attaruhun a kan tebur.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya zo Landan tun ba a haife ni ba, ya yi aiki a wani sito har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suka yi aure suka watse. In suka bugo waya yana yi musu Hausa suna mayar masa da Turanci. A flat ɗinsa na council, wato gidan hayar hukumar unguwa, can saman bene, na sauka lokacin da na zo karatun jami'a a unguwar Bloomsbury. Abin da nake karantawa shi ne lissafin yiwuwa, wato auna abin da zai iya faruwa, da sau nawa cikin nawa zai faru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina rarrafe.

A wannan shekarar ba caca ce damuwata da shi ba, zuciyarsa ce. Likitoci sun ce wata 'yar ƙofa a cikinta ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, sai an buɗe ƙirji an canza ta. Sun gaya masa aikin yana da haɗari, rashin yin aikin kuma ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ranar da lif ɗin gidanmu ya lalace na ga yadda leɓunansa suka yi duhu tun bai kai rabin bene ba. Duk da haka an sa masa rana ya ɗaga, an sake sa masa ya sake ɗagawa. In na yi magana sai ya ce yana shawara, in na ce da wa, sai ya ƙara muryar rediyo.

Ni ba na iya ajiye magana a ciki ta kwana. Da na sauke tuwo a ranar na ajiye masa, ban bari ya kai loma ta biyu ba.

"Kawu, an ce ana ganinka a gidan caca."

Bai ɗago ba. Ya haɗiye, ya ce, "An ce, ko ta ce?"

"Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne ana ganina. Gobe kina da lecture da rana?"

Na ce babu. Ya ce to in raka shi, ido ya fi kunne. Ya ci tuwonsa har ya nemi ƙarin miya, ni kuwa ban iya cin komai ba saboda haushi.

Washegari bayan azahar muka hau jirgin ƙasa na Overground, muka sauya, muka sauka a ƙarƙashin kantin. A waje rana ce tas, yara na gudu da askirim a hannu. Muna haye matakala mai tafiya da kanta muka shiga wata ƙofa, sai ranar ta ɓace. Wurin ba shi da taga ko ɗaya, ba agogo a bango, hasken kuma irin wanda ba ya gaya maka ko safiya ce ko yamma. Kafet ya shanye ƙarar takalma. Mutane da yawa suna zaune, amma ba hira, sai kukan injina ƙasa-ƙasa. Mai gadin ƙofa ya gyaɗa wa Kawu kai irin na sanayya, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Bai nufi teburan da ma'aikata ke raba karta ba. Can kusurwa ya kai ni, inda wani faifai yake cikin murfin gilashi. Rulet ake ce masa. A bakin faifan akwai gurabe talatin da bakwai, kowanne da lambarsa. Goma sha takwas ja, goma sha takwas baƙi, sai guda ɗaya kore, shi ne sifiri. Wannan faifan ba mutum ne ke juya shi ba. Shi kaɗai yake juyawa, iska ce ke hura ɗan farin ƙwallo ya zagaya ya zagaya, ya yi tsalle, ya faɗa gurbi, lambar ta fito a allo. Ko da mai wasa ko babu, haka yake yi. Kujeru sun kewaye shi, kowace da allonta na zuba kuɗi. Na daɗe da sanin faifan nan a takarda, don da shi ake koya mana darasin farko, amma ban taɓa tsayawa gabansa ina jin numfashinsa ba.

Kawu bai zauna ba. Ya tsaya bayan kujerun, ya harɗe hannuwa a baya, ya rufe ido kamar na ɗan lokaci, ya buɗe. Ƙwallo ya faɗa, leɓunansa suka motsa. Ya sake faɗawa, suka sake motsi. Na zuba wa aljihunsa ido ina jiran hannu ya shiga, bai shiga ba. A kujerar da ke gabansa akwai wata tsohuwar Baturiya mai jar riga, ta waiwayo ta gan shi, ta taɓa na kusa da ita, sai na ga dukansu sun kai yatsa wuri ɗaya a allunansu. Ban gane ba a lokacin. An yi juyi wajen tara ko goma, sai ƙwallon ya yi tsalle biyu ya kwanta a kore. Tsohuwar ta saki wata 'yar dariya marar sauti. Kawu ya juya ya ce mini, "Mu je, an rufe."

A benci a waje, da ya gama haki, ya ba ni labarin da mahaifiyata ba ta taɓa ba ni ba. Mahaifinsu, wato kakana, mai bugun ƙasa ne. A zaure yake zama da faifan rairayi mai laushi. In an zo da tambaya sai ya riƙe ta a zuci, ya bubbuga rairayin da yatsa da sauri, layi bayan layi har goma sha shida. Sannan ya bi kowane layi yana share ɗigo biyu-biyu. Abin da ya rage ko ɗaya ne ko biyu, mara ko cika, kamar wasan da muke yi muna yara da gyaɗa a dunƙulen hannu. Kowane layi huɗu suna haɗuwa su zama siffa ɗaya mai sunanta, daga siffofin ake karanta amsa. Kawu ya koya tun yana tsugune gefensa yana kore kaji.

"Sharaɗin ɗaya ne," in ji shi. "Kada hannu ya ƙirga. In hannu ya san nawa ya buga, to kai ne ka ba kanka amsa."

Bayan rasuwar matarsa, ya ce, ya gwada a kan tire da garin masara, tunda babu rairayi a saman bene. Sai ya tarar hannunsa ya lalace. Shekarun da ya yi a sito yana jera kaya dozin-dozin sun shige masa cikin yatsu. Ko ya rufe ido, ko yana karatu a baki don ya ɗauke hankali, hannun nan sai ya tsaya a sha biyu ko ashirin da huɗu. Kullum cika. Ya bar abin, har ranar da ruwan sama ya kora shi cikin kantin nan, ya leƙa ta ƙofa ya ga faifai yana jefa lambobi ba hannun kowa, an kuma rubuta cika da mara a jikin allo da Turanci. Juyi goma sha shida, layi goma sha shida. Tun daga nan yake zuwa.

Sai na sauke masa duk abin da na karanta. Na ce faifan nan an gina shi ne don ya ci mutane a hankali. In ka zaɓi lamba ɗaya ta fito, ninki talatin da biyar ake ba ka, alhali guraben talatin da bakwai ne, ratar nan ita ce abincin masu gidan. In ka ce ja, ko ka ce cika, kana ganin rabi da rabi ne, amma goma sha takwas ne naka, goma sha tara nasu, saboda koren nan ba ja ba ne, ba baƙi ba ne, kuma a dokar wasan ba a lissafa shi cikin cika ko mara. Na ce masu cewa baƙi ya fito sau da yawa don haka yanzu lokacin ja ne, da masu ninka kuɗi duk sanda suka faɗi, duk kogi ɗaya ne zai ci su. Faifan ba ya tuna abin da ya yi ɗazu. Bai san an zo ba, bai san an tafi ba, bai san Kawu ba, bai san yana da zuciya ba balle ciwonta.

"Maimaita na ƙarshen," in ji shi.

"Na ce bai san ka ba."

"Yauwa, Uwata. Ai shi ya sa."

Sai na koma ta addini. Na ce duba ma ai haramun ne, wasu malaman sun ce ya fi cacar muni, ga istihara Allah ya ba mu. Ya ce ya sani. Ya yi istiharar ba sau ɗaya ba, yana kwanciya ya tashi kamar an shafe allo. Ya ce duk ranar da ya zo nan da istigfari yake komawa gida tun daga jirgi har lif. Yadda ya faɗa, ba gardama a muryarsa, shi ya sa tausayinsa ya kama ni.

Daga nan ya gaya mini abin da ya hana ni barci mai daɗi na makonni. A bugun ƙasa babu layin da ba komai, ko ɗaya ne ko biyu. Don haka in kore ya fito kafin ya cika goma sha shida, a wurinsa ƙasa ta ƙi magana, sai ya tafi sai wata rana. Da yana tambayar ƙananan abubuwa, ko ɗansa zai zo da sallah, ko council za su gyara lif, yawanci yakan kai ƙarshe. Amma tun ranar da ya fara tambaya a kan aikin zuciyar nan bai taɓa kaiwa ba. Yau ne na bakwai. Har mutanen kujerun sun lura, shi ya sa da sun gan shi suke ajiye ɗan wani abu a kan kore.

A jirgi na yi lissafin a ka. Cikin juyi goma sha shida, fitowar kore ko sau ɗaya ba abin mamaki ba ne, kusan zama ɗaya cikin uku haka za ta faru. Sau biyu a jere, sau uku a jere, duk ana gani. Amma bakwai a jere bai kai ɗaya cikin dubu ba. Na ce wa kaina Landan cike take da mutane, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu kullum sai ya sami wani. Na ce kuma tsoho yakan tuna abin da ya tsorata shi ya manta sauran. Duka biyun gaskiya ne, na kuma san su tun a aji. Sai dai wanin da abin ya samu yana zaune kusa da ni yana jan carbi, gwiwarsa na taɓa tawa.

Na yanke shawarar in gani da idona. Na raka shi karo na gaba, kore ya fito tun a juyi na uku. Tsohuwar mai jar riga ta ɗaga masa kofin shayinta. Na sake raka shi, na ce, "Kawu, yau canza tambaya, ka tambayi wani abu daban." Ya ce to. Faifan ya yi goma sha shida lafiya lau, Kawu ya ce wai jikarsa za ta ci jarrabawa. Na ce wa kaina wannan ba hujja ba ce, biyu cikin uku dama haka ake tsammani. Da ya koma kan tambayarsa a zuwa na gaba, muna tsaye ba a jima ba ƙwallon ya nufi kore kamar an kira shi. Na ji tsoro. Na ji haushin kaina da na ji shi.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun wurin. Da Kawu ya tsaya, mutanen kujerun sukan daina ko tari. Babu wanda ya taɓa tambayarsa me yake yi. Su dai sun ɗauke shi kamar hadari, in ya taso a kafa bokiti. Na lissafa musu ma a raina, na ga duk da koren da suke ci, abin da suke zubawa a sauran juyin yana cinye shi, amma wa zai gaya musu. Ni da na zo in gaya wa mutum ɗaya ma na kasa.

Ana haka asibiti suka bugo. Na ji shi daga kicin yana ta "yes, yes, thank you". Da ya ajiye ya ce, "Sun ce in ban yi confirming zuwa Juma'a ba za su cire ni daga list, sai an sake referral." Na san abin da hakan ke nufi: a mayar da shi ƙarshen layi. Mutumin da yanzu sai ya huta tsakanin falo da banɗaki ba shi da watannin da zai sake bin layi. Na ce ya bugo musu yanzu. Ya ce Alhamis zai je ya tambaya karo na ƙarshe. Na buga murfin tukunya har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa bango.

Ranar Alhamis da ƙyar muka isa, sai da muka tsaya a kowane benci. Ya tsaya a wurinsa, na tsaya a gefensa ina ƙirgawa da yatsuna a cikin aljihun kwat. Huɗu suka wuce, na ji ya ambaci sunan siffa a hankali. Takwas suka wuce. Sha biyu. Tsohuwar ta fara waiwayowa tana dubansa kamar ya ci amanarta. Ni kuwa zuciyata ta yi fari, na ce yau dai lissafi zai rama mini, ko me siffofin suka ce zan san yadda zan murɗa su su zama a yi aiki. Sha uku baƙi, sha huɗu ja, sha biyar ja. Saura ɗaya.

Na san amsar a takarda. Ɗaya cikin talatin da bakwai, daidai da kowane juyi tun ranar da aka ƙera faifan. Na faɗa wa kaina haka ƙwallon na zagayawa. Ya rage gudu, ya bugi ƙarfe, ya faɗa wani gurbi baƙi, har na buɗe baki. Sai ya sake tashi, kamar wanda ya shiga ɗakin da ba nasa ba, ya tsallake biyu ya kwanta a kore. Babu wanda ya yi murna a kujerun, har waɗanda suka ci. Faifan ya ci gaba da juyawa da ƙwallon a cikinsa, yana kawo shi gabanmu yana wucewa da shi. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya.

A bencinmu na waje Kawu ya zauna yana haki. Da numfashinsa ya dawo sai na ga fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi.

"Na tuna wani abu," ya ce. "Wani lokaci Baba na cikin bugu sai iska ta share, ko kaza ta faɗo cikin faifan. In ya sake bugawa aka sake sharewa, ba ya yin na uku. Yakan ce wa mutum, tambayar nan ba taka ba ce, tashi ka je ka tambayi mahaifiyarka. Abin da ta ce shi ne."

"Kawu, ai Innarku ta rasu tun ina goye."

"Ta rasu. Sunanta fa, wa aka ba?"

Na ce kada ya yi mini haka. Na ce ni ɗaliba ce, ko ɗan kaina ban haifa ba, yana da 'ya'ya, yana da likitoci. Ya ce likitoci sun faɗi tasu, 'ya'ya kuma za su ce "it's up to you, Dad". Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban kowa ba.

"Uwata, a yi ko a bari?"

Lissafin yana gefen a yi, wannan ban taɓa shakka ba. Amma lissafi na mutum dubu ne, yana gaya maka nawa za su tashi, ba ya gaya maka su wa. A bencin nan na fara gane nauyin abin da nake karantawa. Na dubi furfurar kansa, na ce, "A yi." Ya mayar da hularsa, ya ciro waya ya miƙo mini in nemo masa lambar asibitin.

An yi aikin, Kawu ya tashi. Kwana biyu ina ta godiya ga Allah kafin na lura. Ya dubi agogon bangon ɗakin ya tambaye ni me ya ce. Na ɗauka magani ne bai sake shi ba. Sai likita ta zo ta ɗaga masa yatsu uku, ya dube su ya dube ta, ya yi dariyar kunya. Ɗan gudan jini ne ya tafi ƙwaƙwalwa lokacin aikin. Bai taɓa masa harshe ba, bai taɓa ƙafa ba, ya san kowa, yana karanta surorinsa daidai. Lamba kawai ya ɗauke, duka. Da muka koma gida, in zai yi salla sai in zauna a gefe ina ƙirga masa raka'a, in ce masa da saura, ko ta cika. Na yi kuka a ɓoye, amma ko yau aka sake tambayata a bencin nan abin da zan ce ke nan.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi a falo da tire a cinya, ya baza garin masara. Idonsa a rufe, yatsansa na bubbuga garin da wani irin sauri mai daɗin ji. Ya buɗe ido yana dariya har da ƙwalla.

"Uwata, zo ki gani. Hannun Baba ya dawo. Wallahi ban san nawa na buga ba."

Sai dai da ya zo share biyu-biyu sai ya ɓace a tsakiyar layi, ya koma farko, ya sake ɓacewa. Ya turo mini tiren. Ni mai karatun lissafin yiwuwa, ni da na yi masa wa'azi a benci, na durƙusa a kafet ina share ɗigo da ɗan yatsa ina cewa cika, mara, mara, cika. Sunayen siffofin ba su bar kansa ba, da na faɗi huɗu sai ya kira sunan. Ban yarda da abin ba ko sau ɗaya, na kuma gaya masa. Ya ce ba yardata yake nema ba, idona yake nema.

Ya ga hunturun nan, ya ga bazara, ya ga wani hunturun. Ya hau benenmu da ƙafarsa ranar da lif ya sake lalacewa, yana tsokanar matasan da ke haki a bayansa. Ya je sunan jikansa, ya ci naman suna har da guzuri. Gidan caca kuwa bai sake waiwayarsa ba.

Wata Talata bayan la'asar ya ce in kawo tire. Ya rufe ido ya daɗe kafin ya fara, fiye da yadda ya saba. Ina kallon hannunsa layi bayan layi, ni ce mai ce masa ya isa in sun cika. A layi na ƙarshe na ga yatsan yana sauka yana tashi kamar kullum. Ya buɗe ido ya turo mini. Na bi sha biyar ɗin na faɗa masa. Da na zo na sha shida sai na tarar da garin sumul, ko alamar farce babu. Na karkata tiren wajen taga ko haske ne ya ɓoye mini.

"Ƙirga mana," in ji shi.

"Kawu, babu komai a nan."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda mutum ke yi in ya hango wanda ya sani daga nesa. Ya ce, "To." Ban tambaye shi me ya tambaya ba, shi ma bai ce in je in tambayi kowa ba. Ya ce in tankaɗe garin in tuƙa mana tuwo da shi, almubazzaranci babu kyau. Muka ci tare, ya yaba miyar. Ranar Juma'ar makon ya dawo daga masallaci ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin la'asar, da na je tashinsa ya riga ya tafi.

Yanzu ni ke koyar da darasin farkon nan. Nakan zana faifan a allo, in nuna wa ɗalibai koren gurbin, in gaya musu faifai ba ya tuna jiya kuma bai san kowa ba. Gaskiya nake gaya musu. Sau ɗaya na koma wurin bayan rasuwarsa, da rana, ban san me ya kai ni ba. Tsohuwar mai jar riga tana nan a kujerarta. Ta gane ni, ta leƙa bayana tana nemansa, na girgiza mata kai, ta juya ga allonta. Na tsaya inda yake tsayawa, na harɗe hannuwa a baya. Ban yi niyyar tambayar komai ba, amma na ji yatsuna suna ƙirgawa da kansu. Sha biyar suka wuce ba kore. Da iska ta sake hura ƙwallon, na ɗauki jakata na fita tun yana zagayawa.